A cika man giya ya wuce ma'auni? Abin da kanikawa suka ce

Tambayar ita ce ko ya dace a cika man giyar mota har ya wuce ma'auni. Yawancin kanikawan da suka tofa albarkacin bakinsu sun tsaya kan abu ɗaya: a mota mai giyar hannu, ma'aunin shi ne bakin ramin da ake zuba man ta gefen giyabos. A ajiye motar a ƙasa mai daidai, a yi ta zubawa har man ya fara dalala daga ramin, sannan a ɗaure notin. Shi ke nan.

Idan aka ƙara fiye da haka, haƙoran giya kan kaɗa man ya yi kumfa, mai kumfa kuwa ba ya shafa ƙarfe yadda ya kamata, ga ƙarin zafi. Daga nan sai ya nemi hanyar fita ta ramin shan iska na giyabos ko ta sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Mafi muni shi ne ya yoyo ta sil ɗin gaba ya jiƙa kuloci, kulocin ya riƙa santsi a hawa, sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Wasu sun kawo zancen tsofaffin Golf 2 da ake ƙara musu mai ta ramin wayar sifidomita domin giya ta 5 ta samu. Gaskiya ne, amma wannan ƙirar giyabos ɗin ce, ba dokar kowace mota ba. Littafin motar za a duba.

Ɗan ƙarin cokali biyu ba ya kashe giya. Abin da ya fi damun masu shawarar shi ne zuba man giya nau'in GL-5 inda aka ce a zuba nau'in GL-4, da kwance notin ƙasa na zubar da tsohon mai kafin a tabbatar na sama, na ramin zuba sabo, zai kwantu.