Asusun HSA: wace takarda ake ajiyewa idan sai bayan shekaru za a ciri kuɗin jinya?

Mai buɗe zance, Maryland:
Assalamu alaikum. Tambayar ta waɗanda ke zaune a Amurka ce masu asusun ajiyar lafiya na HSA. Dabarar kusan kowa ya ji ta: ka biya asibiti daga aljihunka, ka bar kuɗin asusun suna juyawa a hannun jari, in shekaru sun ja ka ciro daidai abin da ka kashe babu haraji. Maganar takardu ce ba a cika fayyacewa ba. Masu sanin harkar, me ake ajiyewa, a ina, kuma har yaushe?

Akanta, Houston:
Wa alaikumus salam, Malam. Asusun HSA ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 2004, kuma a shekarar hukumar haraji ta IRS ta fitar da sanarwa mai lamba 2004-50. A ciki ta ce babu wa'adi. Abin da ka kashe bana kana iya mayar wa kanka nan da shekara 20. Sai dai ta ɗora maka nuna abu uku: kuɗin a kan jinyar da doka ta amince da ita suka tafi, babu wani wuri da ya riga ya biya maka su, kuma ba ka taɓa sa su cikin rangwamen haraji na Schedule A, fom ɗin da ake jera kashe-kashen da ke rage haraji, ba.

Kamfanin da ke riƙe da asusun ba ruwansa da tantance rasit ɗinka. Shi dai zai aiko maka fom 1099-SA mai nuna abin da ka cira, kai kuma ka cike fom 8889 na haraji ka ce kuɗin na jinya ne. Sai ranar da IRS ta taso ka da bincike za a ce fito da hujja. In babu, a haɗa kuɗin cikin abin da ka samu a shekarar a caje ka haraji, a ƙara tarar kashi 20 cikin 100 idan ba ka kai shekara 65 ba.

Akwai sharaɗin da ya fi kayar da mutane: dole jinyar ta zo bayan kafuwar asusun. A jihohi da yawa ba a ɗaukar asusu ya kafu sai kuɗi sun shiga cikinsa. Misali, inshora ta fara 1 ga Janairu, ajiyar farko ta shiga 20 ga wata, to ganin likitan da aka yi ranar 10 bai shiga lissafi ba. Don haka takarda ta farko da za a adana ita ce bayanin asusu na watan farko, mai nuna ranar da kuɗi suka fara shiga.

Ma'aikaciyar sashen kuɗi na asibiti, Columbus:
Ku bar dogara da 'yar takardar da na'urar kati ke fitarwa. Ita dai ta nuna an biya dala 180 a wuri kaza, ba ta faɗi wane ne mara lafiyar ba, ba ta faɗi me aka yi masa ba. Kowace jinya tana son takarda uku. Akwai takardar kuɗi mai dalla-dalla daga asibiti, da sunan mara lafiya da ranar da aka duba shi da aikin da aka yi. Sau da yawa ba a bayar da ita sai an nema, a kira sashen kuɗi a ce ana son wadda aka jera komai. Akwai takardar EOB daga kamfanin inshora, mai nuna abin da asibiti ya caja, abin da inshora ta biya, da abin da ya rage a kanka. Ita ce hujjarka cewa ba a biya maka wannan kason ba. Sai shaidar biya, ko rasit mai nuna babu sauran bashi, ko layin da ya fito a bayanin katinka.

Inda ake zamewa shi ne biya kafin EOB ta iso. A karɓi dala 300 a tebur, daga baya inshora ta ce kasonka 210 ne, asibiti ya dawo maka da 90 bayan wata biyu. In ba ka gyara lissafinka ba, nan gaba za ka ciri 300, alhali 90 ɗin ba haƙƙinka ba ne. Adadin da ke kan EOB ta ƙarshe shi ake rubutawa. Kuma haihuwa ko tiyata ɗaya tana iya haifar da takardu huɗu daga wurare huɗu: asibiti, likita, mai allurar barci, ɗakin gwaji. Kowacce layinta daban.

Mai harhaɗa magunguna, Bronx:
Gaskiya ne, Hajiya. Na kantin magani ma ya fi lalacewa, don takardar rasit ɗin da zafi ake buga ta, ba tawada. A bar ta a mota ko a aljihun walat, cikin 'yan watanni ta koma fara fat. A ɗauki hotonta ranar da aka karɓa. Mafi sauƙi, duk watan Janairu a nemi kantin ya buga jerin magungunan da likita ya rubuta na shekarar da ta wuce, kowane mutum a gida da nasa. Shafi ɗaya ya maye rasit 30.

Magungunan da ake saya ba takardar likita, irin na ciwon kai da mura, da audugar mata, sun shiga lissafi tun daga 1 ga Janairu 2020 ta dokar CARES. Su ba sa fitowa a wancan jerin. A biya su daban da shinkafa da sabulu, rasit ɗin ya fito su kaɗai. Bitamin na ƙarin ƙarfi kawai bai shiga ba, sai in likita ya rubuta wasiƙa cewa maganin wata cuta ce da aka gano, kuma wasiƙar a haɗa ta da rasit ɗin.

Mai aikin kwamfuta, Atlanta:
Kada a bar takardu a shafin kamfanin inshora ko na HSA kaɗai. Ranar da aka sauya wurin aiki ko kamfani ya sauya inshora, ƙofar na iya rufewa. A sauko da su duk wata uku. Jinya ɗaya, fayil ɗin PDF ɗaya mai ɗauke da takardun nan uku, a sa masa suna da kwanan wata a gaba: 2025-03-14, mara lafiya, haƙori, 210. Sai jadawali ɗaya mai ranar jinya, ranar biya, mai jinyar, wurin, adadi, sunan fayil, da gurbin ƙarshe na ranar da aka ciri kuɗin. Wannan gurbin shi ke hana cin rasit ɗaya sau biyu. Kwafi ɗaya a intanet, ɗaya a faifan ajiya a gida. Masu zuwa asibiti da motarsu su rubuta nisan tafiyar, don a 2024 da 2025 IRS ta yarda da santi 21 a kowane mil.

Wata 'yar'uwa, Minneapolis:
Don Allah, kuɗin asibitin da ake tura wa iyaye a gida fa? Da jinyar da mutum ya yi lokacin hutu a Kano ko Yamai?

Akanta, Houston:
'Yar'uwa, na iyaye galibi bai shiga ba. HSA na biyan jinyarki, ta mijinki, da ta wanda ke ƙarƙashinki a dokar haraji, kuma wannan sai ya zama ɗan ƙasar Amurka ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Mahaifiya da ke zaune a Kano ba ta cika sharaɗin ba, ko da ke ke ɗauke da nauyinta kacokam. Haka ɗan da ya girma yana aikinsa: yana iya zama a inshorarki har shekara 26, amma in ba ya ƙarƙashinki a haraji, jinyarsa ba ta fita daga asusunki.

Jinyar da ke da kanki kika yi a can kuwa ta shiga. A karɓi rasit mai sunan asibitin da hatimi, a rubuta canjin naira ko sefa zuwa dala na ranar biya, a ajiye shaidar inda aka samo farashin. Magani sai wanda aka saya aka sha a can, kuma halal ne a dokar ƙasashen biyu. Allurar sankarau ta maniyyata aikin Hajji da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin tafiya gida, duk suna ciki. Tikitin jirgi na hutu ba ya ciki.

Batun har yaushe: IRS na da shekara 3 daga ranar da aka miƙa takardar harajin shekarar da aka CIRI kuɗin, ba shekarar jinyar ba. Rasit na 2025 da aka ciri kuɗinsa a 2045, a miƙa haraji a Afrilun 2046, sai a riƙe shi har 2049.

Dattijo mai ritaya, Chicago:
'Ya'yana, ban yarda a tara komai har tsufa ba. In mai asusu ya rasu, matarsa da ya rubuta a matsayin magajiya za ta karɓi asusun a matsayin nata. Amma in 'ya'ya ne, asusun ya daina zama HSA, duk abin da ke ciki a caje su haraji a shekarar. Abin da za su iya ragewa shi ne bashin jinyar mamacin da suka biya cikin shekara ɗaya da rasuwarsa. Tulin rasit ɗin da ya biya da hannunsa yana raye ba ya amfanar su da komai. Wanda ya haura 65, ko lafiya ta fara ja baya, ya fara cire na tsofaffin rasit ɗinsa. Kuma iyali su san inda jadawalin yake da kalmar sirrin buɗe shi.

Ma'aikaciyar sashen kuɗi na asibiti, Columbus:
Baba ya yi gaskiya. Ƙari ɗaya: in an ciri kuɗi bisa kuskure, misali inshora ta sake lissafi bayan an riga an cire, ana iya mayarwa zuwa 15 ga Afrilun shekarar da ke bin wadda aka gane kuskuren. A nemi fom ɗin mayar da cirar kuskure daga kamfanin asusun, don in aka tura kuɗin haka kawai za a ƙirga su cikin ajiyar shekara, wadda a 2025 iyakarta dala 4,300 ce ga mutum ɗaya, 8,550 ga iyali. Ba kowane kamfani ke karɓar mayarwar ba, a kira su kafin a tura.