Me zan kunna wa Baba ya ɗan yi dariya?

Autar Gida: Assalamu alaikum ƴan zaure, don Allah shawara nake nema. Tunda aka sallamo Baba daga asibiti ya zama shiru-shiru, mutumin da a da in ya fara ba da labari sai cikinka ya ƙulle. Kunnensa ya yi nauyi kuma ba ya jin Turanci. Me zan kunna masa?

Kawu: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi ƴata. Nemo masa finafinan barkwanci na Charlie Chaplin, kusan ba magana a ciki, jiki ne ke aiki. Fara da The Kid na 1921, sai Modern Times na 1936, akwai inda yake ɗaure noti a masana'anta har ya bar wurin aikin hannun bai daina juyawa ba.

Ɗan Lele: Mr Bean kawai. Kashi 15 ne duka, daga 1990 zuwa 1995, kwana biyu kun gama

Yaya Babba: Tom and Jerry

Ɗan Lele: Haba Yaya, dattijo guda za a kunna wa katun?

Yaya Babba: Katun ɗin tun 1940 ake yinsa, lambar yabon finafinai ta Oscar bakwai ya ci. Kai da kake ɓuya ka kalla da daddare fa?

Maman Yara: Ni abu ɗaya zan roƙe ki Auta, duk abin da za ki kunna ki fara kallonsa ke kaɗai. Ƙanina yana da in'ina tun yana ƙarami, wurin aikinsu suka yi bikin ƙarshen shekara suka ɗauko wani mai barkwanci, ban san wa ya tsegunta masa ba sai ga shi ya riƙe makirfo yana kwaikwayon yadda yaron yake magana, zauren kaf aka tuntsire har da ogansu, ƙanin nawa ma dole ya yi murmushi don kar a ce bai san wasa ba. Ya dawo gida ya rufe ƙofa. Wata da watanni ba ya buɗe baki a mitin, waya ma sai dai ya tura saƙo. Da na je na yi magana cewa aka yi ai wasa ne Hajiya. Wasa da wa? Shi an tambaye shi? Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi wallahi. Kuma rabin bidiyon da ke yawo yanzu haka suke, a kwaikwayi gurgu, a kwaikwayi kurma, a tsorata tsoho a hanya a ɗauka a waya. Baba bai gama warwarewa ba, kar ya ga ana dariyar abin da ke jikinsa.

Kawu: Subhanallahi. Allah ya ba shi haƙuri.

Ɗan Lele: Amma Maman Yara in aka bi ta haka ai ba mai barkwancin da zai rage

Maman Yara: Chaplin a 1940 Hitler ya kwaikwaya, mai ƙarfi a lokacin da ake tsoronsa. Wancan kuma yaro mai in'ina ya samu.

Anti Nas: Auta aiki aka yi masa? In a ciki ne ki ba shi filo ya danne wurin ɗinkin in dariya ko tari ya zo. Kuma kar ki kunna ki fita, ki zauna kusa da shi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, ya gano mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 a cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. In shirun ya ɗauki makonni, ba ya barci ba ya sha'awar komai, ku gaya wa likitansa, fim ba zai maganta wannan ba.

Yaya Babba: Ɗan Lele har yanzu ba ka amsa ni ba

Autar Gida: Eh Anti, a ciki ne. Na gode muku. Abokinsa na ƙuruciya zai zo gobe, zan kunna musu Chaplin ɗin tare. Kawu wanne ne ya fi gajarta?