Gashin magena ya dunƙule: in gyara a gida ko in kai wa masu aski?

Uwar Mage, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda irin wannan ya taɓa samunsa, don Allah ya ba ni labarin yadda ya yi. Wata bakwai ke nan da ƙanwar maigida ta bar mini magenta za ta koma makaranta, irin magen Farisa ɗin nan mai dogon gashi da ɗan hanci a lotse. Na je gida wankan jego na ƙanwata, sati uku ba na nan, ba wanda ya sa mata mataji. Da na dawo na tarar gashin hammatarta da na ciki da bayan kunnuwa duk ya cure, ya yi tauri kamar audugar tsohuwar katifa. Na yi mata wanka wai ko zai yi laushi, sai ma ya ƙara ɗaurewa. Yanzu ko hannu na kai wurin sai ta yi huci ta kai mini yaƙushi, ga ƙuma na gani tana yawo a wuyanta. Maigida ya ce in sa almakashi kawai, maƙwabciyata kuma ta ce in ɗiga fiya-fiya a ruwan wanka ƙumar ta mutu. Tausayinta nake ji wallahi, ko tafiya ba ta yi daidai.

Anti, Kaduna:
Wa alaikumussalam. 'Yar uwa, ki ajiye almakashin nan, ni ya taɓa ci. Tawa ma ta Farisa ce, curin ya fito mata a hammata. Na kama shi na ɗaga sama don in yanke ta ƙasa, ashe fatar ta biyo gashin ta shige cikin curin. Fatar mage siririya ce ƙwarai, kuma tana miƙewa kamar roba. Ban ji na yanki komai ba, sai kawai na ga wuri ya buɗe ja, kusan faɗin babban yatsana. A daren muka nemi likita, sai da aka yi mata ɗinki. Har yau idan na tuna ƙarar da ta yi jikina sanyi yake.

Ruwan da kika sa shi ya ƙara ɗaure shi, kamar dai kan yarinya idan aka wanke ba a tsefe ba. Ƙaramin curi wanda bai manne da fata ba, ina barbaɗa masa ɗan garin sitacin masara, in riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ya ja mata fata, in riƙa warwarewa daga baki-baki da mataji na ƙarfe. Amma wanda ya riga ya manne, wannan ya fi ƙarfin gida.

Mai Askin Dabbobi, Abuja:
Hajiya, aikina ke nan, kuma kusan kowane mako sai an kawo mana irin taki. Maganar Anti gaskiya ce. Curin da ya manne ba a taje shi, aske shi ake yi da kilifa, da kai mai lamba 10, saboda haƙoransa a matse suke, ba sa saurin cafkar fata. Ana shigar da shi ta ƙarƙashin curin a kwance, ɗayan hannun yana miƙe fatar, sai ki ga curin yana ɗagowa gaba ɗaya kamar ana cire bargo. Kan kilifa yana ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa nake yawan ɗora shi a bayan hannuna, in ya yi zafi in canza wani. Abin da muke samu a ƙarƙashi shi ne ke ba ni takaici: fata ta yi ja, wani lokaci da gyambo, ga kashin ƙuma baƙi-baƙi. Dabbar ta daɗe tana shan wahala, mai ita bai sani ba, don daga sama gashin lafiya lau yake.

Yawanci askin zaki muke yi musu, a bar gashin kai da na ƙafafu da tukkun wutsiya. Cikin 'yan watanni ya dawo.

Kafin ki ba kowa magenki, ki tambaye shi ko yana raba mage da karnuka, don haushin kare kaɗai ya isa ya firgita ta. Ki ga da idonki an tsaftace kan kilifa da mataji, saboda makero yana bin kayan aiki daga dabba zuwa dabba, kuma yana kama mutane, musamman yara. Idan wani mai aski ya ce zai yi mata allurar barci da kansa, ɗauki abarki ki tafi. Wannan aikin likita ne, balle mage mai lotsattsen hanci da dama numfashinta ba shi da faɗi. Wadda ta ƙi tsayawa, asibiti nake tura mai ita a yi askin a can. Kuma ki zo da katin rigakafinta, mu ba ma taɓa dabbar da ba ta da shi.

Mai Karnuka, Bukuru:
Ni ba mage nake kiwo ba, amma da na ga fiya-fiya sai da gabana ya faɗi. Uwar Mage, kada ki yarda. Wata damina kaska ta cika mini karnuka, cikin kunne da tsakanin yatsu duk ta cika maƙil. Yaron da ke taya ni aiki ya zuba fiya-fiya a bokiti ya wanke kwikwiyo uku. Kafin in dawo daga kasuwa suna ta dalalar da yawu, jiki na ɓari, suna zawo. Biyu likita ya ceto, ɗaya ta mutu a hannuna a kan hanya. Ban ga laifin yaron ba, haka ya ga ana yi a unguwarsu, ni ne ban hana shi tun farko ba.

Abin da na koya daga baya shi ne kaskar kare a bango take kwana. Macen idan ta sha jini ta ƙoshi sai ta sauka ta shige tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare yau, bayan kwana kaɗan sababbi sun hau. Sai da na yaɓe tsagogin ɗakinsu da siminti, aka yi feshi karnukan suna waje har wurin ya bushe, sannan na samu sauƙi. Wadda ta riga ta kama, da hantsaki nake cire ta, in kama daf da fata in ja a hankali, ba ƙonawa da ashana, ba baƙin mai.

Na kuma taɓa kai Alsatian ɗina aka yi masa ƙwal da bazara, wai don ya sha iska. Gashinsa hawa biyu ne, na saman shi ke kare masa rana. Bayansa ya ƙone, gashin kuma ya dawo wani wuri da yawa wani wuri ba komai, ya daɗe bai daidaita ba. Yanzu taje shi kawai nake yi, in fitar da mataccen gashin ƙasa.

Hajiya, Katsina:
Ni dai 'yata, shekara da shekaru muna da kyanwa a gidan nan, ba mu taɓa yi wa ko ɗaya wanka ba, kuma fes suke. Allah ya ba su harshe mai kaushi, da shi suke taje kansu. Amma na yarda namu na gida gajeren gashi gare su. Wannan taki da aka kawo irinta daga wata ƙasa, harshenta ba zai iya da gashin ba, dole sai kin taimaka mata. Tun da kin karɓe ta, amana ce a hannunki, kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ki daure ki kai ta, Allah ya ba ki lada.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, Samaru:
Amin Mama. Uwar Mage, a kan ƙumar zan ƙara. Ko maganin da aka yi don dabbobi ma ki karanta jikinsa kafin ki sa. Da yawan maganin ƙuma da kaska na karnuka akwai sinadarin permethrin a ciki, kare yana ɗauka, amma hantar mage ba ta iya sarrafa shi. A asibitinmu na ga wadda aka kawo an ɗiga mata na kare a ƙeya, tana ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Amitraz da ake wanke shanu da karnuka da shi, shi ma ba na mage ba ne. Haka ruwan kashe ƙwayoyin cutar nan da ke yin fari kamar madara idan an zuba a ruwa, kada ya taɓa jikinta, don za ta lashe. Farasitamol kuwa ko rabin ƙwaya yana iya kashe ta, kada a ce tana jin ciwo a ba ta.

Mai ɗauke da fipronil wanda aka rubuta na mage ne, shi ake ɗigawa a fatar ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, kuma a bar ta kwana 2 ba wanka. Amma a bari likita ya duba fatar bayan aski, ba a sa shi a kan gyambo. Ƙumar da kika gani a jikinta kaɗan ce, ƙwai da tsutsotsinta suna cikin kafet da kujera da inda take kwana, sai kin wanke shimfiɗarta da ruwan zafi kin shanya a rana.

Kin ce tana kai miki yaƙushi. In ta ji miki ciwo ko ta cije ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ki je asibiti. Ki tambayi ƙanwar maigidan ko an yi mata rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana ɗauka. Daga wata 3 da haihuwa ake fara yi, ana sabuntawa duk shekara.

Uwar Mage, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya muka kai ta asibitin dabbobi, a can aka yi askin ina tsaye, don ba ta yarda da kowa ba sai da likita ya kwantar da ita. Malam mai aski, abin da ka faɗa shi na gani: curin cikin ya ɗago guda ɗaya, a ƙarƙashin hammatar hagu akwai gyambo da ban san da shi ba. An wanke, an ba ni maganin shafawa, rigakafinta ma ashe ya wuce lokaci, likita ya ce in dawo da ita idan gyambon ya warke a yi mata. Na sayi mataji na ƙarfe mai manyan haƙora gefe ɗaya, ƙanana ɗaya gefen, zan fara sabar mata da shi tun gashin yana gajere, kullum bayan sallar isha'i. Yau da safe ta yi tsalle ta hau kan taga, rabon da ta yi haka tun kafin in dawo. Anti ta Kaduna, idan gashin ya fara tsawo zan neme ki ki nuna mini yadda kike taje hammatar ba ta cije ki ba.