Wane wasa kuka taɓa kai wa wani kyauta, kuma yaya ta kasance?

Gwaggon yara (Bukoki, Yamai):
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa yi da kansa. Babbar salla in Allah ya kai mu zan tafi Tawa gidan yayana, yaransa shida ne, babbar tana 3ème, ajin ƙarshe na kwaleji, ƙaramin ko tafiya bai fara ba, kullum tsarabata kaya ne ko in ba su kuɗin barka da salla su kashe a rana ɗaya. Bana so nake in kai musu wasan da za su zauna tare su yi, don zuwana na ƙarshe abin da na gani ya dame ni, waya ɗaya ce ta mamarsu suna ta faɗa a kanta tun safe har dare. Amma ina tsoro don na taɓa gwadawa, bara na saya wa ƴaƴan ƙawata Monopoly da tsadarsa, sau biyu kawai suka buɗe shi. Duk sunayen titunan Paris ne a kai, Rue de la Paix da sauransu, yaran ba su san ko ɗaya ba, ga katuna da sai an karanta da Faransanci, ga wasan ba ya ƙarewa, awa biyu ana abu ɗaya. Cikin sati kuɗin takardar sun watse a tsakar gida. Raina ya ɓaci sosai wallahi. Ku faɗa min naku.

Mushe (Tawa):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni Scrabble, wasan jera haruffa a haɗa kalma, na ba ɗan ƙanwata shekarar da zai yi jarrabawar BEPC, kuma har yau ban yi nadama ba, amma abu guda za ki kula da shi wurin saye: iri biyu ne a kasuwa. Akwai na Faransanci mai haruffa 102, akwai na Ingilishi mai 100 wanda yawanci daga Najeriya yake shigowa, kwalinsu kama ɗaya, in ba ki buɗe ba ba za ki gane ba. Hanya mai sauƙi ki duba harafin K, in kin ga 10 a ƙasansa na Faransanci ne, in 5 ne na Ingilishi ne. Na Faransanci E goma sha biyar ne a ciki saboda harshen haka yake, in kika kawo ma ɗan lakwal ɗinmu na Ingilishi zai yi ta rasa E ya gaji ya aje.

Abin da ya sa nawa ya yi aiki shi ne na zauna na yi da shi, kwana uku a jere bayan la'asar, har ranar da ya aje haruffansa bakwai gaba ɗaya ya samu ƙarin maki 50, to daga nan ba sai na ce komi ba, shi ke neman abokan karatunsa su zo. Mun ma gwada yi da Hausa wata rana saboda kakarsu ta ce ita ma a sa ta, ta yi yaƙi da jahilci ta iya boko. Nan muka ga matsala, K guda ne tak, W guda, Y guda, A tara kawai, kuma babu ƙ babu ɗ babu ɓ, alhali Hausa kusan kowace kalma sai da A. Sai muka yanka kwali muka rubuta namu muka ƙara. Ya yi daɗi ƙwarai, amma gaskiya Scrabble na babbar ne da mai bi mata, ƙananan kallo kawai za su yi.

Maman ƴan biyu (Wadata):
Ki sayi ludo kawai anti. Mutum huɗu ne lokaci guda, ba karatu, yaro ɗan shekara biyar in ya iya ƙirga zuwa shida ya shiga. Namu mai gilashi a sama ne da katako a gefe, ya fi na kwali ƙarko nesa ba kusa ba, lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta shi muke shimfiɗa tabarma mu yi da fitilar waya har maigidan yana shiga. Ki roƙi mai shagon ya ƙara miki de ɗin jefawa guda biyu don shi ke fara ɓacewa.

Ɗan Lazare:
Maman ƴan biyu ki yi haƙuri in ɗan sa baki, ludo ba kowane gida ake kai shi ba. Ni na kai gidan kawuna da kyakkyawar niyya, washegari ya kira ni ya zaunar da ni, bai yi faɗa ba ko kaɗan, ya yi godiya sannan ya ce shi ba ya son wasan da ake jefa de a gidansa. Ya kawo min hadisin da ke cikin Muwaɗɗa na Imamu Malik, cewa wanda ya yi wasan nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa, ya ce malamai da yawa suna sa duk wasan jefa de a ƙarƙashinsa ko da ba caca. Na ɗauki abina na dawo da shi. Ban kawo wannan don a yi gardamar addini a nan ba, wannan na malamai ne, abin da nake cewa Hajiya ki bugo wa yayanki waya ki tambaye shi tukuna. Da na tambaya da ban sa dattijo cikin nauyin mayar min da kyauta ba, don na ga a fuskarsa abin ya yi masa wuya, yaran kuma sun riga sun gani sun sa rai. Monopoly ma de ne da shi, ki lura.

Gwaggon yara (Bukoki, Yamai):
Kai na gode ƙanena, wallahi ko kusa wannan bai zo min a rai ba, kuma yaya mutum ne mai tsantseni sosai.

Ba'adare a Yamai:
Ni tawa kyautar ba ta yara ba ce amma bari in faɗa ko za ta yi amfani. Shekaru biyu da sunka wuce munka kawo Baba nan Yamai wurin magani, sai da ya yi wata huɗu a gidana. Mutumin da a ƙauye kullum bayan la'asar shina gindin bedi da abokanai suna dara, ya zo nan tsakar gida duk siminti, babu ƙasar da zai tona gurbi, babu wanda ya sani. Wuni yake zaune da rediyo, abinci ma ya rage ci, na ga jikin na ƙara sanyi kuma ba ciwon ba ne kaɗai. Sai na tahi wurin wani kafinta na zana mishi a takarda: katako mai kauri, layi biyar gurbi shida-shida, gida talatin ke nan, ya rarake min su da kyau. Ƴaƴan kuma ban saye ba, tsinken kara sha biyu na yanka, na tsinto tsakuwa sha biyu, kamar yadda suke yi can gida.

Ranar da na aje mishi bai ce komi ba, ya daɗe shina shafa gurabun da yatsa, sannan ya ce in zauna. Ni na san dara sama-sama, shi ya sake koya min: a fara zuba ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, lokacin zubin ba a jera uku, sai an gama sannan a fara matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a tsallake ba a karkace, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasa guda. Ya cinye ni sau huɗu a jere, ranar na ji dariyarshi karo na farko tun zuwanshi. Bayan kwana biyu wani tsoho maƙwabcinmu Bazabarme ya leƙo ya gani ya ce ai wannan dili ce, su ma suna yi, to shi ke nan, Hausarshi kaɗan ce Baba kuma ba ya jin Zabarmanci amma kullum sai sun zauna har a kira magariba. Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙanshi, allon na nan wurina, ɗiyana biyu sun iya.

Hajiya tunda Tawa za ki, ki tuna akwai tsofaffi a unguwar da za su koya ma yaran, kuma babu de a ciki.

Mushe (Tawa):
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wannan magana ta taɓa ni.

Shugaban fada (Yantala):
Amin. Mu a fadarmu dam, wasan allo da ake tsallake ɗan abokin wasa a ci, wani abokinmu ya kawo mana da ya dawo daga Kwatano, mai gida 100 ƴaƴa ashirin-ashirin, shi ne wanda ake yi a nan, akwai ƙarami mai gida 64 da ƴaƴa sha biyu-sha biyu kar a haɗa ki da shi. Kyawunsa in ɗa ya ɓace marfin lemo ya wadatar, rabin namu yanzu marafe ne. Sai dai mutum biyu ne kawai ke yi, shi da dara duk ɗaya, mu manya muna iya jira ana shayi ana ba da baki, amma yara shida a kan allo ɗaya? Faɗan wayar nan ne zai dawo. In za ki iya ki haɗa da Uno, wasan kati ne, launi da lamba kawai ake bi, mutum har goma na iya zama. Amma shi ma ki ambata wa yaya, wasu da sun ga kati sai su tuna karta.

Maman ƴan biyu (Wadata):
Na manta, tunda akwai mai rarrafe ki kula da ƙananan ƴaƴan wasa, ɗaya daga cikin ƴan biyuna ya taɓa sa na ludo a baki sai da na sa yatsa na ciro, jikina har rawa yake. Ki ɗinka ƴar jaka mai zip ki ba babbar ta riƙe, a ce ita ke ƙirgawa bayan an tashi.

Gwaggon yara (Bukoki, Yamai):
Allah ya saka muku da alheri duka. Yanzu na gama waya da yaya, ya ce ludo a bari, Scrabble kuwa har murna ya yi saboda jarrabawar babbar, Uno ya ce in kawo ya gani da idonsa tukuna. Da na ambaci dara sai ya yi shiru, ya ce rabonsa da ita tun rasuwar mahaifinmu, in na kawo shi da kansa zai koya musu. Na ƙara kwana biyu a kan tafiyar don in zauna in yi da su kamar yadda Mushe ya ce. Malam Ba'adare don Allah turo min hoton allon da awonsa, gobe da safe zan shiga kasuwar Katako in nemi kafinta.