Neman shawara: mastas a fannin gano sabon magani ko fannin sarrafa shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama digiri a kemistiri a KASU, jami'ar jihar Kaduna, bautar ƙasa ma na gama, yanzu ina so in cike fom ɗin mastas amma kaina ya ɗaure. Wani malaminmu ya ce in bi fannin gano sabon magani, wato a ƙera sinadari a gwada ko zai kashe cuta, yayana kuma ya ce a'a in bi na sarrafawa, yadda za a haɗa maganin da aka riga aka gano da yawa a masana'anta cikin araha. Ni dai burina karatun nan ya amfani masu maleriya da masu sikila a nan gida. Don Allah masu sani ku taimaka.

Ɗan Kakuri: Wa alaikumus salam ƙanwata, ni dai sarrafawa zan ce ki bi, don nan ciwon yake. Yawancin kamfanoninmu daga Indiya da Sin suke sayo ainihin garin maganin, su dai su buga ƙwaya su zuba a kwali, shi ya sa da dala ta motsa sai ki ji magani ya tashi a kemis. Ki dubi artemisinin na maleriya, Tu Youyou ta Sin ce ta ciro shi daga wani nau'in tazargade har ta samu Nobel a 2015, amma farashinsa ya yi ta hawa da sauka gwargwadon abin da manoma suka girbe, sai da aka koya wa yis yin sinadarin farko sannan masana kemistiri su ƙarasa shi da haske da iskar oksijin, kamfanin Sanofi ya fara hakan a Italiya a 2013.

Maman Khalifa: Gaskiya ne. Akwai sitagliptin na ciwon suga, da can kamfanin Merck da ƙarfen rhodium mai ɗan karen tsada suke haɗa shi ƙarƙashin matsin iska mai ƙarfi, suka haɗa kai da kamfanin Codexis aka gyara wani enzayim, wato furotin mai gaggauta haɗuwar sinadarai, ya ɗauke wannan matakin, magani ya ƙaru shara ta ragu, har suka ci lambar yabo a Amurka a 2010. Kuma 'yata ko me kika zaɓa ki iya HPLC, na'urar rarrabe sinadarai da auna su, da hannunki, ki san yadda ake tace samfur a zuba a 'yar kwalba a karanta abin da ya fito a kwamfuta, ko a NAFDAC ko a kamfani zai yi miki rana.

Malam na Unguwar Rimi: Kada dai a raina gano magani. Niprisan na sikila a NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, aka samar da shi, daga tsirrai irin su masoro da kanumfari da karan dafi, abin da ke kasuwar Bacci. Sai dai wajen samar da shi da yawa a kai a kai ne aka samu tangarɗa, to kin ga kowanne yana buƙatar ɗan uwansa. Ki hau motar Zariya ki leƙa sashen kemistirin magunguna na ABU da kuma NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa, ki zauna da ɗalibai ki ji wane malami ne ke da aiki a hannu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na fi karkata ga sarrafawa yanzu. Mama, don Allah in biyo ki ta inbos kan maganar HPLC ɗin?

Maman Khalifa: Ki biyo bayan la'asar.