Ina shirin tiyatar fuska, waɗanda suka riga ni ku ba ni haske

Badamagariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina laɓe a zauren nan ina karanta na wasu, yau nawa ya zo. Shekarata 3 ina shan homon na sauya jinsi zuwa mace, jiki ya yi laushi, gemu ya kusa ƙarewa, amma ƙashin girar nan ya ce ba inda za shi. Ko burodi zan sauka saya a nan Liyon ta Faransa sai na ja ɗankwali har kan gira. Na fara tara kuɗin FFS, wato tiyatar mayar da fuska irin ta mata. Waɗanda suka yi, don Allah wurin wa kuka je, me aka taɓa muku, me kuka yi da-na-sani a kai? Kada ku rufe ni.

Anti Kulu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin fara da inda ya dace, don goshi shi ne uwa uba a aikin nan, mutane da shi suke karanta fuska tun daga nesa ba su ma san sun yi ba. Ki fara da hoton CT, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi daga ciki. Bayan tudun girar nan akwai kogon iska, ƙashin da ya rufe shi ta gaba wani lokaci bai fi kaurin ɓawon gyaɗa ba. Idan ƙashinki mai kauri ne ko kogon ƙarami ne, gogewa kawai ake yi, shi suke kira nau'i na 1. Yawancinmu kuwa nau'i na 3 ne: a yanke murfin ƙashin, a gyara shi, a mayar da shi ciki, a ɗaure da 'yan ƙananan ƙarafa. Duk likitan da ya kalli hotonki na waya ya ce miki gogewa ta isa, bai nemi CT ba, ɗauki jakarki ki yi masa sai an jima.

Ni goshi da haɓa da zakaran wuya aka yi min, shekara 5 ke nan. Hanci na ce a bar min abina.

Jummai ta Siyatul: Wannan rabe-raben nau'i-nau'i da Anti ta faɗa daga Douglas Ousterhout ya fito, likitan San Faransisko da ya soma aikin a farkon shekarun 1980. Zama ya yi yana auna ƙoƙon kan maza da na mata, ya wallafa bayanin goshin a 1987. Jordan Deschamps-Braly ne ya gaji wurinsa. A Boston kuma akwai Jeffrey Spiegel. Amma ke da kike Faransa ban ga abin da zai kawo ki nan ba, kuɗin Amurka ba na wasa ba ne in ba ki da inshora. Ni ma da jiharmu ta Washinton ba ta yi dokar da ta fara aiki a 2022 ba, wadda ta hana kamfanonin inshora su ce wannan aikin kwalliya ne kawai su ƙi biya, da har yau ina tari.

Mairo Mancesta: Ku kun ji daɗi. Mu nan Ingila NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta biyan na fuska, sai dai aljihunki. Shi ya sa 'yan nan ke tsallakawa asibitin Facialteam a Marbella ta Sifen, ko kuma Beljiyam. Badamagariya ke dai jirgin ƙasa ma zai kai ki Beljiyam. Amma kafin ki fasa asusu, kina da ALD, wato rajistar masu doguwar jinya da inshorar gwamnatin Faransa ke biya wa magani?

Badamagariya: Ina da ita Yaya Mairo, likitata ce ta cike min tun bara. Da ita ake biya min homon da gwajin jini.

Mairo Mancesta: To ki tambaye ta batun fuskar ma. A asibitin gwamnati a Faransa ana yi, Sécu, wato inshorar lafiya ta gwamnati, na ɗauka in an nemi amincewarsu tun kafin aikin. Layin ne dai dogo. Ki sa sunanki a layin, ki ci gaba da tarinki a gefe, wanda ya riga zuwa shi ke nan.

Zee: Ni bari in yi maganar da ba a so. Ku daina lissafin suna da araha, ku tambayi abu ɗaya: baƙar fata nawa likitan nan ya taɓa yi wa? Ki buɗe shafin kowane asibiti ki ƙirga, sai ki wuce fuska ashirin ba ki ga mai kama da ke ba.

Ni araha ta ja ni wata ƙasa, ba zan kama sunan wurin ba. Goshi ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Amma hanci, na ce masa a ɗan rage, ya ce to. Da aka cire filasta sai na ga hancin wata a fuskata, siriri kamar an tsinke shi da awartaki, ƙofofin an matse su. Har yau ɓangaren hagu ba ya shan iska sosai, da baki nake barci, in farka maƙogwaro a bushe kamar na kwana a hunturun Kano. Na rubuta musu, suka ce in dawo a duba, kuɗin jirgi da masauki a kaina. Gyara kuma ya fi na farko tsada, don sai an ɗebo guringuntsi daga haƙarƙari a sake gina abin da aka rushe.

Abin da ya fi ci min rai ba numfashin ba ne. Hancin Gwaggona ne da ni, duk gidanmu an san shi. Yanzu in na duba madubi ba na ganin kowa nawa.

Anti Kulu: Allah sarki Zee, Allah ya kawo sauƙi. Abin da ya sa na hana a taɓa nawa ke nan. Ranar da na je ganin likita hoton Innata da na yayata na riƙa, wanda suka ɗauka a bikin ƙanwarmu, na ajiye masa a kan tebur na ce ga matan gidanmu, ga inda nake son ka kai ni. Faɗin hanci ba na maza ba ne, namu ne. Ku kalli matan Zindar da na Katsina, hancinsu ya hana su zama mata?

Abu ɗaya dai ƙanwata: in an mayar da goshi ciki, wani lokaci sai an ɗan daidaita saman karan hanci inda suka haɗu, don kada a bar tsani. Wannan daban, sake hanci gaba ɗaya daban. Ki sa ya rubuta miki abin da zai yi dalla-dalla, ki karanta a gida.

'Yar Auta: Ni ban yi ba tukuna amma ina bi. Anti ina ake yankawa? Ina da tabon da ya yi tudu a kunne tun da na huda.

Nas Talatu: Gara da kika faɗa, Auta. Ni nas ce a ɗakin farfaɗowa, ba likita ba, don haka ku ɗauki nawa a matsayin abin da za ku je ku tambaya. Tabo mai tudun nan shi ne kiloid, ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin jini. Duk mai shi, ko a kunne ko a ƙirji ko a wurin lamba, ta nuna wa likita da idonsa. Yankan goshi iri biyu ne. Akwai na cikin gashi, daga kunne zuwa kunne ta saman kai, gashi ya rufe shi. Akwai na bakin gashi, wanda ake yi in ana son jawo gashin gaba a rage faɗin goshi, shi kuma a fili yake. Mai kiloid ta yi tunani sosai kafin ta yarda da na biyun. Wasu wuraren suna yin na cikin gashi su haɗa da dashen gashi a lokaci ɗaya. Haɓa da muƙamuƙi ta cikin baki ake shiga, ba tabo a waje, amma a je wurin likitan haƙori tukuna, ruɓaɓɓen haƙori kusa da ɗinki masifa ne.

Sai abubuwan da mu muke ɓoyewa, su kuma Turawan ba sa tunanin tambaya.

Man bilicin. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, yana sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, kuma wadda ta daɗe tana shafawa jikinta na iya kasa jure wahalar tiyata. Kada ki daina rana ɗaya da kanki, kada kuma ki ɓoye. Ɗauki kwalbar ki kai wa likitan sa barci ya karanta.

Sikila. Ki san rukuninki. AS ma a faɗa, SS ko SC kuwa shiri ne na musamman, don aikin nan in an haɗa wurare da yawa yakan ɗauki awanni masu yawa kina kwance a barci.

Duk wadda aka taɓa yi wa allurar cika kumatu ko leɓe a ɗaki, musamman silikon, ta faɗa.

Taba da shisha a ajiye aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, har da na lantarkin nan, nikotin ne ke matse jijiyoyin jini fatar kai ta rasa abinci. Asfirin da ƙwayoyin tafarnuwa da na citta da duk wani haɗin gargajiya, a lissafa masa. Batun dakatar da homon kuwa likitoci sun sha bamban, wani ya ce a tsaya saboda gudan jini, wani ya ce a ci gaba. Bi na wanda zai yi miki.

Badamagariya: Wayyo Nas, kin kama ni a na farko. Shekara biyu ina shafa wani da ake kawo min daga gida. Zan kai mata kwalbar ranar Litinin, kunya dai ba ta kisa.

Zee: Zakaran wuya kuma ki tambayi yadda yake kare murya. Igiyoyin murya a bayan guringuntsin nan suke maƙale, in aka zarce da aski murya ta tafi. Gara a bar ɗan tudu.

Jummai ta Siyatul: Ba wanda ya yi maganar bayan aiki, kuma nan ne ake kuka. Kwana na 3 idanuna sun kumbura sun rufe ruf, kaina ya zama kamar kabewa, ƙawata ce ke riƙe min kofi ina tsotsar kunu. A zaune za ki yi barci da filo uku. Ba fyace hanci na makonni saboda kogon nan da aka buɗe, atishawa ma baki buɗe. Leɓena na ƙasa ya mutu wata huɗu, ina shan shayi yana zuba a rigata ban sani ba. Tsakiyar kaina kuwa har yanzu in ana min kitso akwai inda ba na jin tsinke. Gashi ya zube a bakin ɗinkin a wata na biyu, na yi ta kuka, daga baya ya dawo.

Mako na uku shi ne mugu. Kin kashe duk abin da kika mallaka, kin duba madubi kin ga kumburarriyar baƙuwa. Kusan duk wadda na sani ta faɗa ramin nan. Haɓa takan yi wata shida zuwa shekara kafin ta sauka, hanci mai kaurin fata irin namu ya fi haka. Ki ɓoye madubin banɗaki in ya kama.

Anti Kulu: Ki daka garin kunu tun yanzu, ki tanadi tsamiya. Kunu, koko, fura mai ruwa-ruwa, faten dankali. Yaji, kilishi, goro, ƙashin kaza, duk ki yi musu bankwana sai ɗinkin baki ya warke. Kada ki sa ranar kusa da azumi. Kuma sujada ba za ta yiwu ba da farko, goshi ba ya son dannawa, sunkuyawa ma na ƙara kumburi. A kujera na yi sallata kusan wata guda, ina nuni da kai.

Mairo Mancesta: In waje za ki, ki karɓi takardar likita mai bayanin aikin da aka yi, ki haɗa da fasfo. Fuskar da za ki dawo da ita ba ita ce a hoton ba. Yawancinsu sai kin yi kwana goma ko fiye kafin su sallame ki ki hau jirgi, ki sa kuɗin masaukin a lissafi. Ki tambaya kuma a rubuce: in an sami matsala bayan wata shida, wa zai biya gyara?

'Yar Auta: Ni abin da ke tsaye min a rai, in na yi, da wace fuskar zan kira Mama a bidiyo? Yanzu ko ba komai ina sa hula in rage haske.

Anti Kulu: Auta wannan ba ni da maganinsa. Fuska ba riga ba ce da za ki cire in za ki gida, kuma kin san yadda gida yake ga irinmu, ga doka ga unguwa. Ni na san ranar da na shiga ɗakin nan na rage wa kaina hanyar komawa Katsina. Na zaɓa da idona buɗe. Akwai wadda muka fara tari tare, ta kai rabin kuɗin ta fasa, ta tsaya a cire gemu da gyaran gira, tana nan lafiya lau tana zuwa ganin tsohuwarta. Kada ganin namu ya sa ki gaggawa.

Badamagariya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta: CT, kwalbar mai, gwajin sikila, hotunan baƙaƙen mata bayan shekara guda ba bayan wata ɗaya ba, hoton Ayya a jaka. Hanci kuma Zee kin gama min magana. Abin da ya rage mai jinya. Ba ni da kowa a nan da zan iya ce wa zo ki kwana da ni sati biyu.

Nas Talatu: Ki turo min ranar da zarar sun ba ki, hutuna na shekara sai an nema wata uku kafin lokaci. Satin farko nawa ne.

Zee: Na biyun ni. Amma ki sani ina minshari, kin ji dalili a sama.