"Motsi ya fi laɓewa": na neman abinci ne kaɗai?

Baban Hafsa: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya rasa aiki wata 3 ke nan, ya shige ɗaki, ko jam'in Asuba ba ya fita. Na ce masa motsi ya fi laɓewa, sai ya ce wannan karin maganar 'yan kasuwa ce, ba ruwanta da ƙuncin zuciya. Abin ya tsaya min a rai. Me kuka gani?

Ɗan Kurmi: Wa'alaikumus salam. Yaron yana da gaskiya ta wani gefe. Mu a kasuwa muna faɗar ta ga mai zaman jiran babban jari, wato ko farantin goro ne ɗauki ka zaga.

Malamin allo: Alhaji, ka taƙaita ta da yawa. Nana Hajara ba ta zauna ta zuba wa jaririnta ido ba, ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau 7, sannan Zamzam ya ɓullo. Yau ma alhazai maza sukan yi sassarfa tsakanin korayen fitilun da ke kan hanyar Safa da Marwa. Salla kanta tsayuwa ce da ruku'u da sujada, kuma hadisi ya ce kowane taku zuwa masallaci yana ɗaga daraja, yana kankare zunubi. Jiki in ya tashi, yakan janyo zuciya.

Ɗan Kabara: Haka ne Malam. Ni a halakar zikiri na warke daga irin wannan ƙuncin. In aka buga bandiri, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba ka tuna kai kaɗai ne.

Ɗan Kurmi: To i'itikafin goman ƙarshe na Ramadan fa? Mutum ya killace kansa a masallaci, ba motsi, kuma ba wanda zai ce ya yi asara.

Malamin allo: Mai i'itikafi ba laɓewa ya yi ba, tsayuwar dare yake har ƙafa ta kumbura. Laɓewa ita ce ɓuya don kunya ko tsoron idon mutane, kuma ina jin ita ke damun yaron nan.

Baban Hafsa: Wallahi kunyar ce, Malam, ba ya son a tambaye shi aiki a hanya. Gobe in Allah ya kai mu zan buga masa ƙofa da assalatu, mu taka tare tun da sauran duhu.